Bashin Maɗaci

Shekara talatin da huɗu ina zaune a Kurmi,
gabana saiwa, sassaƙe, ƙulle-ƙullen gari.
Mai ciwon ciki ya zo, mai zazzaɓi ya zo,
in auna masa ɓawon maɗaci a tafi.
Ya ce, "Kai Barau, wannan abu da ɗaci!"
In ce, "Shanye dai, lafiya ba ta zuwa da zuma."

Babana Tanko, Allah ya ji ƙansa,
shi ya fara kai ni gindin itacen,
can Nasarawa, inda suka jeru bakin titi,
rassa sun sarƙe sama, rana sai leƙe.
Yakan yi bisimilla kafin ya ɗaga gizago.
"Tafin hannu ɗaya daga gabas," in ji shi,
"in ka matsu, ƙara ɗaya daga yamma.
Kada ka kewaye shi. Wanda ka yi wa zobe
ka yanka shi ne, sai dai a tsaye zai mutu."
Sannan ya kwaɓa laka ya shafe raunin
kamar mai ɗaure wa ɗansa ƙafa.

Na ji, na riƙe, har shekarar tsada.
Wani mai mota ya zo neman buhu shida,
kuɗi a hannu, ga Tasalla kwance a asibitin birni.
Na fita kafin kiran assalatu
da gizagon babana a kafaɗa.
Ban yi bisimilla ba. Bakin ya ƙi.
Na tuɓe itace guda tsirara,
tun daga ƙasa har inda hannu ya kai,
jikinsa jawur, yana tsattsafo kamar naman layya.

Tasalla ta tashi.
Shi kuwa damina ta zo ta wuce, bai yi toho ba.
Da rani masu injin zarto suka iso.
Daga baya na ga irin jan katakonsa a Na'ibawa,
ana ciniki, ƙofa za a yi ko gado.
Ban tsaya ba, na ce wa mai Adaidaita mu je.

Yanzu masu kawo mana kaya daga daji
kullum kukansu tafiya ta ƙara nisa.
Wani ma yakan cuɗa da ɓawon mangwaro,
yana zaton harshena ya tsufa.

To, akwai tsohon maɗaci guda a harabar wani ofis,
maigadin, Ɗan'azumi, yana barina in shiga.
In ƙwallon ya tsage, 'ya'yan su zubo,
falle-falle, marasa nauyi, kamar ɓawon albasa,
in tsince su a hula in kawo gida Yakasai.
Ledar ruwa da aka sha aka yar,
ita nake cikawa da ƙasa da kashin awaki.
Jikata Kubura ke tara ruwan alwala a bokiti,
tana bi tana ba su, tana kiran kowanne da suna.

Arba'in da ɗaya suka fito bana.
Akuyar maƙwabta ta ci tara, na yafe mata.
Shida na kai firamare, huɗu maƙabarta,
ɗaya na ba mai shayin bakin layi,
ya kewaye shi da tsohuwar taya da ƙaya.

Abokan zama a rumfa suna mini dariya:
"Tsoho, yaushe za ka sha inuwarsa?"
Ba inuwa nake nema ba, jama'a.
Bashi na ci, mai bashin kuma ba ya magana,
irin wannan ya fi hana barci.

Jiya Kubura ta tauna ganye ɗaya,
ta tofar, ta yamutsa fuska, har da ƙwalla.
Na kama hannunta na buɗe tafin,
ɗan ƙarami, ko ƙwai ba zai rufe ba.
Na ce, "Ran da suka girma, ba na nan,
iya wannan za ki ɗiba.
Daga gabas.
Ki tafi da laka."